GWANJON GUMIN MANOMI

Idan Bahaushe ya ji an ce gwanjo, abin da yakan faɗo masa a rai shi ne tulin tsofaffin tufafi a bakin kasuwa, ko kuwa kayan wani da bashi ya ci, alƙali ya sa a kaɗa musu ƙararrawa. Shi ya sa ba kowa ke son a san rigarsa ta gwanjo ce ba. To, amma a ƙasar Ingila akwai wani irin gwanjo wanda talaka ko ƙofarsa ba ya zuwa, manyan attajirai ne ke sa kwat su zauna a kujeru suna ɗaga hannu. Gidajen da suka fi shahara da wannan sana'a su ne Sotheby's, wanda aka kafa a Landan a 1744, da Christie's, wanda aka kafa a 1766. Daga cikin hajar da ake kasawa a irin waɗannan gidaje akwai wadda ta tsaya mini a rai, har ta sa na ɗauki alƙalami, watau zane-zanen ƙauye da aikin gona waɗanda aka yi a zamanin Sarauniya Biktoriya.

Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila a 1837, ta rasu a 1901. Duk ɗan Sakkwato da ya ji waɗannan shekaru ya kamata ya ɗan dakata. A 1837 ɗin nan ne Allah ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello rasuwa a Wurno, kuma shekara biyu bayan mutuwar Sarauniyar, a watan Maris na 1903, Turawa suka ci Sakkwato. Ashe ke nan abin da suke kira zamanin Biktoriya, mu a nan shi ne zamanin da ya taso daga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku har zuwa Sarkin Musulmi Abdurrahman. Lokacin da mai zane ke zaune a gindin bishiya can Ingila yana zana masu yankan alkama, kakannin kakanninmu suna duƙe a fadamar Rima da galma a hannu. Su an zana su, zanen yana nan ana sayarwa. Namu fa?

Bari in fara bayyana yadda gwanjon yake, gama ya ɗan sha bamban da cinikin da muka saba. Kafin ranar, gidan gwanjo yakan buga littafi mai ɗauke da hoton kowane zane, da sunan wanda ya zana shi, da shekarar da aka yi shi, da tsawonsa da faɗinsa, da ƙiyasin abin da ake zaton zai yi. Mai kaya kuma yakan yanke wani kuɗi a asirce wanda in tayi bai kai shi ba, to, albarka. Ranar gwanjo dillali yakan hau mumbari da 'yar guduma a hannu, ana tayawa yana ƙarawa, wasu a zauren, wasu ta waya, wasu ta intanet, har a kai inda kowa ya yi shiru. Buga gudumar nan ita ce sallamawa. La'adar da ake ɗora wa mai saye takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, mai kaya shi ma a cire tasa. Dillalin kara da ya ji wannan la'ada sai ya riƙe baki.

Wani abokina mai karatun tarihi ne ya nuna mini irin wannan littafi a wayarsa, muka zauna muna dubawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani sashe da ake rubutawa a ƙarƙashin kowane zane, wanda ni dai ban ga abin da ya fi kama da shi ba sai salsala. Mu da muka tashi a unguwar malamai mun san idan almajiri ya sauke littafi akan ce ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a dangana da mawallafi. To, haka suke yi wa zane: wane ya saya daga hannun mai zanen a shekara kaza, ɗansa ya gada, aka sayar a gwanjo kaza, ya koma hannun wane. Gwargwadon ingancin salsalar, gwargwadon tsadar zanen. Na bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai na mai zane, akwai na duk wanda ya taɓa rataye zanen a bangonsa, amma mutumin da ke cikin zanen, wanda ya duƙa yana yankan hatsi, da wuya ka ga an ambace shi da suna. Sai dai a ce "masu girbi", ko "mai kiwo", ko "yarinya a bakin rijiya".

Su kuwa zane-zanen, gaskiya ba ka ƙi ka yi ta kallonsu ba. Wani mai suna John Frederick Herring ya yi suna wajen zana dawaki da aladu da kaji a farfajiyar gidan gona, kowace dabba ta yi ɓul-ɓul kamar ba ta taɓa jin yunwa ba. Myles Birket Foster yakan zana yara masu jan kumatu suna wasa a bakin shinge. Wata mace, Helen Allingham, ta shahara da zana bukkokin ƙauye masu jinkar ciyawa, furanni sun kewaye su. John Linnell kuma gwanin zana kaka ne, ga dammunan alkama a jere, ga rana tana faɗuwa, ga ma'aikata sun kishingiɗa suna hutawa. Wanda ya kalli waɗannan sai ya ce ai manomin Ingila a aljannar duniya ya zauna.

Sai da na tambayi su wane ne suka fara sayen waɗannan zane-zane, sannan na gane bakin zaren. Ƙidayar da aka yi a 1851 ta nuna mutanen Ingila da ke zaune a birane sun fi na ƙauyuka yawa. Masana'antu sun cika Manchesta da Birmingham, hayaƙi ya rufe sama, mutane sun bar gonaki sun tafi neman aikin masaƙa. Da yawa daga cikin masu sayen zanen nan masu masana'antu ne da manyan 'yan kasuwa. Mutum ya yi arziki a cikin hayaƙi, sai ya so ya rataye ƙauye a falonsa, amma ƙauyen da babu laka, babu tari, babu mai bin bashi. Mai zane kuwa da sana'arsa yake ci, abin da kasuwa ke so shi yake kai mata.

Ga kuma yadda ƙauyen yake a zahiri. Yawancin waɗanda ake zanawa ba su da ko taki ɗaya na ƙasa, 'yan ƙodago ne a gonakin masu ƙasa. A 1872, lokacin da wani ɗan ƙodago mai wa'azi, Joseph Arch, ya tara 'yan'uwansa suka kafa ƙungiyar ma'aikatan gona, ladan mutum a yankinsu sule 12 ne a mako, suna neman a mai da shi 16. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: sule 12 a mako, a shekara fam 31 ne da 'yan kai. Zanen da aka saya fam 300 ya ci ladan mutumin da ke cikinsa na wajen shekara goma. Yaran nan masu jan kumatu kuwa, sai a 1867 aka yi dokar da ta hana a sa wanda bai kai shekara 8 ba cikin ayarin 'yan ƙodago da ake kora daga gona zuwa gona. Bukkar da furanni suka rufe, sau da yawa ɗaki ɗaya ko biyu ne, yana yoyo, iyali duka a cunkushe.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A 1885 Hubert von Herkomer ya zana wani ma'aikaci ya jingina da ƙyauren shinge a bakin hanya, kayan aikinsa a yashe, matarsa ta zube ƙasa da 'ya'ya biyu don gajiya. A 1895 La Thangue ya zana wani tsoho da ajali ya riske shi a kan garmar dawaki, ya faɗi a cikin kunyar da yake hudawa. George Clausen ya zana masu tsintar duwatsu a gona da masu aiki cikin tsananin sanyi. A Faransa kuma akwai Millet, wanda a 1857 ya zana mata uku sun duƙa suna kala a gonar da aka gama girbewa. Da na ga wannan zane na matan, gabana ya faɗi, domin na san duƙawar nan. Na ganta a wajen tsofaffin da ke bin bayan masu girbi a gonakin Dundaye suna tsintar zangarniyar da ta faɗi. Shi Millet ɗin ya mutu a 1875, amma a 1889 aka yi gwanjon wani zanensa a Faris, na mace da namiji sun tsaya addu'a a gonar dankali, ya tashi faran 553,000. Irin wannan ne ya sa a 1920 Faransa ta yi dokar da ta ba mai zane ko magadansa wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa. An share wa mai zane hawaye. Matan da ke kala kuwa har yau babu dokar da ta tuna da su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, mu dawo gida. A wancan zamani wa ya zana manominmu? Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo ƙasar nan da yawun gwamnatin Ingila, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya zauna Wurno, ya shigo Sakkwato. Littafinsa mai juzu'i biyar ya fito a 1857 da 1858, da hotuna waɗanda wani mai zane, Bernatz, ya gyara daga zayyanar da Barth ya yi a hanya. Shi Bernatz ba ya cikin tafiyar. Akwai hoton Kano daga kan Dala, akwai na shigar Barth Tambutu. Yau bugun farko na wannan littafi shi ma hajar gwanjo ce, masu tara tsofaffin littattafai suna rububinsa. Amma idon matafiyi a kan ganuwa yake, da kasuwa, da mahayan dawaki, da hanyar fatake. Manomi in ya fito, ɗan ɗigo ne a gefe don a cike wuri.

Abin sha'awa, Barth ya koma Turai a 1855 tare da wasu samari biyu da aka 'yanta daga bauta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, ɗan talakawa, wanda aka kama yana yaro. A Ingila ya ba wani mai wa'azin Kirista, Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Daga baya ya dawo, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Ka ga ɗan ƙauyen Hausa ya taka ƙasar Biktoriya da ƙafarsa, ya ga birninta da ƙauyenta, ya kuma bar mana labarin ƙuruciyarsa da bakinsa. A ganina wannan labari ya fi hoton Bernatz daraja a wurinmu, domin a cikinsa ɗan talaka ne ke magana da sunansa.

Wannan ya kai ni ga abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗaliban Hausa. Mu ba mu gaji zanen mutane ba. Addini bai ƙarfafa suranta mai rai ba, saboda haka gwanintar hannunmu ta tafi ga aikin riga, da zanen ƙwarya, da adon soro, da zayyanar allo, da dukanci, wanda jar fatar Sakkwato ta yi suna a kansa har ƙetaren hamada. Hoton manominmu da baki aka zana shi. Yana cikin kirarin da mutum ke yi in ya kai ƙarshen kunya, yana cikin gangar noma ranar gayya, yana cikin waƙoƙin irin su Ɗan Anace, yana cikin waƙar da mata ke yi a bakin turmi da dutsen niƙa. Yana kuma cikin kalmomin aikin kansu. Bature ya zana girbi sau dubu domin girbi ne ke da kyan gani. Bahaushe kuwa kowane mataki ya ba shi suna: sassabe, toyi, kai taki, binne, shuka, noman firi, maimai, huɗa, girbi, ɗaurin dami, sussuka, shiƙa, kala, roro. Wanda ya san waɗannan kalmomi bi da bi ya san shekarar manomi daga bazara har hunturu, ya san inda gumi ya fi zuba.

Ni haifaffen Hubbare ne. Unguwarmu an san ta da baƙi masu ziyara, da malamai, da almajirai, tun da a nan Shehu Usmanu ke kwance tun 1817. Amma a yawancin zaurukanmu, bayan buzu da allo, za ka tarar da kalme a jingine. Kakana yakan ba da karatu da asuba, hantsi ya yi masa a gona. Ran nan na karanta masa jerin kalmomin nan don ya gyara mini, sai ya ƙara mini wasu guda biyar da ban taɓa ji ba, na irin gero da irin ƙasa. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Kai abokina, kana jami'a kana karatun Hausa, amma sai ka zo wurin tsoho ka sayi Hausar? To, kawo kuɗin goro." Na ce, "Malam, ai gadona ne, ba a sayar wa magaji." Ya ce, "Gadon da ba a zo an ɗauka ba, gara ka cinye shi."

Maganar tsohon nan gaskiya ce, gara tana ci. Gonakin da ke kewaye da birni sun zama fuloti. Fari na 1973 da na 1984 sun kori mutane da yawa zuwa ci-rani, wasu ba su koma ba. A 1980 manoman Bakolori da aka karɓe wa gonaki don madatsar ruwa suka tsaya neman diyya, aka buɗe musu wuta, rayuka suka salwanta. Ambaliyar 2010 ta shafe amfanin fadamar Rima, har ta yanke hanyar jami'a. A shekarun nan kuma 'yan bindiga sun raba mutanen Isa da Sabon Birni da wasu sassa da gonakinsu, ga su nan muna gani a cikin gari, mutumin da ya saba cika rumbu yana miƙa hannu. Duk tsohon da ya mutu a gudun hijira, ya tafi da sunayen gonakinsu da kirarinsu da waƙoƙinsu.

Hoton manomi da ya rage a hannun kowa shi ne na takardar kuɗi. A bayan naira 10 ga matan Fulani ɗauke da ƙoren nono, a bayan naira 200 ga dalar buhuna da shanu da kayan gona. Naira 10 ɗin yau ba ta sayen ludayin nonon da ke cikin ƙwaryar, dalar gyaɗa kuwa tun shekarun 1970 ta ɓace daga Kano. Ashe mu ma muna da namu zanen na falo.

Abin da ya fi damuna shi ne mu kanmu masu rubutu. Duba waƙoƙi da ƙagaggun labarai da muke kawowa wannan ƙungiya. In an zo maganar ƙauye, sai ka ji iska mai daɗi, da korayen ganyaye, da budurwa ɗauke da tulu, da fura mai sanyi a gindin gawo. Mun bar ƙauye mun zo birni, mun sami inuwa, muna so mu rataye ƙauyen a bango kamar yadda attajirin Manchesta ya yi. Ina wanda ya ci bashin hatsi da bazara zai biya ninki da kaka? Ina matar da ta kai abinci gona da goyo da tsohon ciki? Ina yaron da aka cire daga makaranta don tsaron tsuntsu a gonar shinkafa? Haka nan idan muka waiwayi tarihi, muna alfahari da littattafan malamanmu na ƙarni na 19, kuma sun isa a yi alfahari da su, amma ya kamata mu tuna hatsin da ya ciyar da birnin nan, wani sashensa bayi ne suka noma shi a rinji, kuma kusan babu wanda aka rubuta sunansa. Salsalarmu ita ma ta tsallake mai galma.

Akwai kuma wani gwanjon da ake yi a ƙofar gidajenmu ba tare da guduma ba. Na sha ganin masu yawo unguwa-unguwa suna sayen tsohon akushi, da tasa, da taskira, da sirdi, har da tsofaffin takardun ajami, a kan kuɗin da bai kai na cefanen yini ba. Tsohuwa tana ganin ta rabu da tarkace. Inda kayan za su kwana, da nawa za a sake sayar da su, ba ta sani ba. Ga gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari, amma mu nawa muka taɓa raka wani dattijo can da abin da ya gada? Wata rana jikokinmu za su ga kalmen kakansu a littafin gwanjo, an rubuta salsalar Turawan da suka mallake shi, ba maƙerin da ya ƙera shi, ba manomin da hannunsa ya cinye ƙotar.

Shawarata ƙarama ce, ba ta fi ƙarfin ɗalibi ba. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya da hoto, abin da Barth da duk ayarinsa ba su samu ba. In an yi hutu, kowa ya zauna da manomi guda na garinsu, namiji ko mace, da izninsa. A rubuta sunansa da na gonarsa da shekarar da aka yi hirar. A bar shi ya faɗi shekarar da ya cika rumbu, ya kuma faɗi shekarar da ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe. Kada a gyara masa karin harshe don ya dace da Hausar littafi. In an buga, a kai masa kofe, a karanta masa, in wani abu ya fito a ba shi rabonsa. Malamanmu kuma muna roƙo su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin kammala karatu, ƙungiya ta ware masa shafi a kowace fitowa.

Allah ya ba manomanmu damina mai albarka, ya mai da waɗanda aka kora gonakinsu lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka noma abin da kakanninmu suka ci ba mu san sunansu ba. Amin.